Dutsen Tokare Ƙofa

Kwana goma sha biyu muka yi a Tawa,
mu goma sha tara, a zauren da fankarsa ke tari.
Ni na zo da tausayi cike da ƙwarya,
ina zaton shi ne jarin aikin.
Madam Habsu ta dube ni ta saman tabarau:
"Nomau, tausayi tafasasshen ruwa ne,
yana tuƙa tuwo, yana kuma saɓule fata.
Aje shi ya sha iska."

Darasin farko ba ta rubuta a allo ba.
Tashi ta yi, ta tokare ƙofa da dutse.
"Wanda zai zauna gabanku
ya san ƙarar kwaɗo fiye da kiran salla.
Ku ba shi kujerar da ke kallon waje."

Ta ce kada mu karɓi katin kowa
mu shige ɗaki da shi, ko na ƙiftawar ido:
wanda ya karɓa na ƙarshe
bai mayar ba.

Ran Laraba muka yi kwaikwayo.
Ni ne ma'aikaci, Zali ce wadda ta dawo.
Tambaya goma sha ɗaya na jera mata
kafin ta haɗiye yawu.
Madam ta ce, "Kai jandarma ne?"
Aji ya fashe da dariya. Ni na ji ta a ƙashi.

"Keken ɗinki nawa ke kwance a ɗakunan garin nan,
an raba su da tafi da ɗaukar hoto,
gizo-gizo kaɗai ya koyi saƙa a kansu?
Ku tambayi hannu abin da ya sani
tun kafin a ɗaure shi."

Wata biyu da karɓar takardar shaida
sai ga Illa.
Shekara ashirin da shida, haƙori biyu babu.
A gidan bashi na Sabha
sukan kira uwarsa a waya
don ta ji yadda tiyo ke sauka a bayansa.
Ta sayar da gona. Ta sayar da jaki.
Ya dawo garin da kowa ya san kuɗin kansa.

Sunansa na bakin alƙalamina, layin masu walda,
saura gurbi ɗaya.
Na cije harshe. Na hura gawayi.
Kofin shayi na farko, shiru.
Na biyu, shiru, sai kukan amalanke a titi.
A na uku ya ce, "Albasa."
Ya ce, "Na san ranar da ake yanke mata ruwa.
Na san yadda ake jera ta a rudu
iska ta ratsa, har farashi ya tashi."
Ban taɓa jin doguwar magana irin wannan ba.

Shi ya yi lissafi, ni na riƙe fitila.
Buhu huɗu, igiya, hayar inuwa a kasuwa.
Shi ya ƙirga jikkunan, sau biyu,
yana jiran in faɗi abin da zai biya da shi.
Na ce babu. Bai yarda ba.

Buhu guda ya ruɓe.
Illa ya ɓace sati biyu.
Na rubuta a littafi: ya gudu.
Da dare kalmar ta hana ni barci,
don an taɓa faɗinta a kansa, da bindiga a hannu.
Na goge. Na sa: bai zo ba tukuna.

Ya zo ran Lahadi, kasuwa ta watse,
da albasa biyu ja wur a aljihun riga,
ya ce ba biya ba ne, miya ce.
Muna cikin lissafin buhu ukun da suka rage
sai akuyar maƙwabta ta leƙo, tana harin takardu.
Illa ya tashi,
ya ture dutsen da ƙafa,
ya rufe ƙofar da hannunsa,
ya dawo ya zauna, ya ba ta baya,
ya ce, "Ina muka tsaya?"